Yadda Ake Kare Bishiyar Magnoliya Daga Ƙwari Masu Ɓawo Da Yadda Ake Maganinsu a Legas

Magnoliya ba ta cikin itatuwan da muka taso muka tarar a ƙasar Hausa, kuma ko a nan Legas sai jefi-jefi ake ganinta, galibi a manyan gidajen Ikoyi da Victoria Island da Lekki da Ikeja, inda masu hali ke dasa ta saboda kyan fure da ƙamshi. Da yake da yawa daga cikin masu kula da lambunan irin waɗannan gidaje 'yan'uwanmu ne da suka zo daga Arewa neman halali, kuma su ake fara tuhuma idan bishiya mai tsada ta soma lalacewa, ya kamata a yi bayani dalla-dalla a kan cutar da ta fi addabar wannan bishiya, wato ƙwari masu ɓawo. Mafi yawan abin da za a faɗa a nan yana aiki a kan lemo da mangwaro da gwaiba da furannin kwalliya, domin dangin ƙwari ɗaya ne ke cin su duka.

Iri biyu na magnoliya ne suka fi jure ƙasa mai zafi. Akwai mai babban farin fure da ganye mai kauri da sheƙi, wanda bayansa ruwan ƙasa ne, asalinta kudu maso gabashin Amurka. Akwai kuma wadda ake kira campaka, mai ƙaramin fure ruwan ɗorawa mai ƙamshi sosai, wadda ta fito daga Indiya da kudu maso gabashin Asiya, ita ce kuma ta fi dacewa da yanayinmu. Dukansu suna da saiwa mai taushi da ke kwance kusa da saman ƙasa, kuma ba sa son ruwa ya kwanta musu a gindi.

Sanin ƙwaron kafin a taɓa magani

Wanda bai saba ba, ba zai ɗauka ƙwaro ba ne, domin ba ya tafiya, ba ya tashi, ba a ganin ƙafarsa ko kansa. Abin da ake gani shi ne ɗan ƙulli manne a jikin reshe ko a bayan ganye, kamar kaska a jikin saniya. A ƙarƙashin wannan ƙulli akwai tamatar ƙwaron, wadda ta soka siririn bakinta cikin itacen tana tsotsar ruwan jikinsa dare da rana. Da zarar ta sami wuri ta kafe, yawanci ba ta sake gusawa har ta haihu ta mutu.

Sun kasu gida biyu, kuma sanin bambancinsu ne ke nuna maganin da za a yi. Na farko masu taushin ɓawo ne. Sun fi girma, bayansu a tashe yake, launinsu ruwan ƙasa ne ko kore, wani lokaci da farin kaki a kai, kuma ɓawon haɗe yake da jikinsu. Su ne ke fitar da ruwa mai zaƙi da danƙo, irin darɓar da manomi ya sani a ganyen dawa. Wannan darɓa tana zuba a kan ganyen da ke ƙasa, da daɓe, da kujerun lambu, da motar da aka ajiye a inuwar bishiyar, sannan baƙar fumfuna ta tsiro a kanta ta rufe ganyen. Na biyu masu taurin ɓawo ne. Ƙanana ne, a shafe suke, tsawonsu bai cika wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ba sa fitar da darɓa, kuma idan aka sa farce aka ɗaga ɓawon zai rabu da ɗan ƙwaron da ke ƙasa. A kan magnoliya mai babban ganye, irin waɗannan sukan bayyana a matsayin fararen ɗige-ɗige, ganyen kuma ya yi tabo rawaya daidai inda suka zauna. Akwai kuma danginsu masu farin gari a jiki, waɗanda ke taruwa a kwanar reshe da gindin fure, su ma suna zubar da darɓa.

A nan akwai gargaɗi ga masu neman bayani a intanet. Yawancin rubuce-rubucen da ake samu a kan wannan cuta sun shafi wani ƙwaro ne na gabashin Amurka, wanda girmansa ke kai milimita 12, yana haihuwa sau ɗaya tak a shekara, 'ya'yansa na fitowa tsakanin ƙarshen Yuli da Satumba, su kwanta a jikin rassa har sanyin can ya wuce. Shi ya sa suke cewa a yi feshi a watan Agusta ko Satumba. Wannan lissafi nasu ne. A Legas babu sanyin da zai tsayar da ƙwaro, saboda haka haihuwa ba ta yankewa, kuma a reshe ɗaya za a iya samun ƙwai da 'ya'ya da manya a rana guda. Mai lambun da ya jira Agusta saboda ya karanta haka a waya, ya bar ɓarna tana ci gaba ne wata da watanni. Bishiyar da ke gabanka ce za ta gaya maka lokacin aiki.

Mataki na farko: duba bishiyar da kyau

A ware rana ɗaya a kowane mako biyu, da safe lokacin da haske ya fito sosai. A fara da kallon ƙasa: idan daɓe yana danƙo, ko ganyen ƙasa sun yi baƙi, to ƙwarin suna sama da wurin. A dubi gangar bishiyar a ga ko tururuwa na hawa da sauka a jere, a bi layinsu da ido, domin inda suka tsaya nan cutar take. Ƙudaje da zanzaro da ke yawan kewaya bishiyar alhali ba ta da fure su ma alama ce. Sannan a juya ganye a dubi bayansa, musamman gefen jijiyar tsakiya, a kuma dubi ƙananan rassan da ba su wuce shekara ɗaya ko biyu ba, da waɗanda ke can ciki inda iska da rana ba sa kaiwa. Ƙaramin madubin ƙara girma yana da amfani ƙwarai, in babu shi kyamarar waya ta isa idan aka matso da hoton.

Bayan an same su, sai a tabbatar ko suna da rai. A danne ɗaya da farce. In ya fashe ya fitar da ruwa, mai rai ne. In ya bare a bushe ya zama gari, ya riga ya mutu. In kuwa aka ga ɗan rami zagayayye a bayan ɓawon, wannan albishir ne, domin yana nufin wani ƙanƙanin zanzaro ya saka ƙwansa a ciki, ɗansa ya cinye ƙwaron ya huda ya fita. Wannan gwaji yana da muhimmanci saboda matattun ƙwari kan daɗe manne a reshe watanni, mutane su yi ta zuba magani a kan abin da ya riga ya mutu.

Mataki na biyu: gano lokacin da 'ya'yan ke yawo

Duk rayuwar wannan ƙwaro, lokacin da ya fi rauni shi ne kwanakin farko bayan ƙyanƙyashewa. 'Ya'yan ba su kai milimita ɗaya ba, suna da ƙafafu, ba su yi ɓawo ba tukuna, suna rarrafe na yini ɗaya zuwa 'yan kwanaki suna neman inda za su kafe. Iska kan kwashe su zuwa wata bishiya, haka ma ƙafar tsuntsu da rigar mai aiki da almakashinsa. A wannan lokaci ruwan sabulu ma yana kashe su, alhali uwarsu tana ƙarƙashin ɓawon da guba mai ƙarfi ke zamewa a kansa.

Hanyar gano su mai sauƙi ce. A sami baƙin tef irin na masu gyaran wuta, a naɗe shi a reshen da ke da ƙwarin, gefen mai danƙo yana waje, a rassa uku ko huɗu a sassa dabam-dabam na bishiyar. A riƙa dubawa duk bayan kwana uku ko huɗu. Idan aka ga ƙananan ɗige-ɗige rawaya ko ruwan lemo sun maƙale a bakin tef ɗin, 'ya'yan sun fito. Haka nan za a iya riƙe farar takarda a ƙarƙashin reshe a bubbuga shi, a zuba ido a ga ko ƙurar da ta zubo tana motsi. A canza tef ɗin duk mako, domin damshin Legas da ƙurar hunturu suna kashe danƙonsa da wuri.

Mataki na uku: rage su da hannu

Kafin a haɗa kowane magani, a rage yawansu. Reshen da ƙwari suka lulluɓe har ba a ganin jikinsa, ko wanda ya soma bushewa daga baki, a datse shi da almakashi mai kaifi, daf da inda ya fito amma ba tare da an ci jikin uwar ba. Kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen bishiyar a lokaci guda, domin magnoliya ba ta saurin warkewa daga babban yanka. A zuba abin da aka yanke a buhu nan take a ɗaure, kada a ja shi a ƙasa ta cikin sauran furanni, kada kuma a jefa shi a ramin taki. A goge almakashin da ruwan sabulu kafin a matsa zuwa wata bishiya.

Sauran rassan da hannu zai kai, a sami tsohon burushin haƙori ko soso mai laushi, a tsoma a ruwan sabulu, a goge ƙwarin a hankali ba tare da an kankare ɓawon itacen ba. Aiki ne mai cin lokaci, amma a ƙaramar bishiya da ba ta wuce tsayin mutum biyu ba, shi kaɗai yakan kawar da mafi yawan cutar. Bayan haka a buɗe ruwa da ƙarfi ta tiyo a wanke bishiyar daga sama har ƙasa, a mai da hankali ga bayan ganye.

Mataki na huɗu: raba su da tururuwa

Wannan mataki ne aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne sanadin da cutar ke dawowa a yawancin gidaje. Tururuwa na shan darɓa, saboda haka suna gadin ƙwarin da ke samar da ita, suna korar duk wani maƙiyi da ya zo cin su, wasu ma har ɗaukarsu suke yi zuwa sabon reshe. Muddin tururuwa na hawa, abokan taimakonka, wato ƙwarin da ke cin masu ɓawo, ba za su iya aiki ba.

A fara da yanke duk hanyar da ba ta gangar bishiyar ba: reshen da ya taɓa katanga, ko rufin gida, ko wayar lantarki, ko wata bishiya, ko ciyawar da ta yi tsawo a gindi. Sannan a naɗe gangar da ƙyalle mai kauri ko leda mai faɗin tafin hannu, kimanin rabin mita daga ƙasa, a ɗaure yadda tururuwa ba za su bi ta ƙarƙashi ba, a shafa giris ko man basilin a kan abin da aka naɗa. Kada a shafa giris kai tsaye a jikin itacen, yana ƙona ɓawo. A riƙa sabunta shi duk mako ɗaya ko biyu, saboda ƙura da busasshen ganye da gawar tururuwa kan zame musu gada, a kuma sassauta ɗaurin duk bayan wata biyu don kada ya shaƙe bishiyar ko ruwa ya taru a ƙarƙashinsa ya ruɓar da ɓawo.

In gidan tururuwan yana kusa, ana iya yi musu tarko da ruwan sukari da aka narkar da borik asid a ciki, wani farin gari mai kashe tururuwa a hankali, giram 5 zuwa 10 a lita ɗaya, a zuba a roba mai murfi da aka huda ƙananan ramuka. Ba a ƙara masa ƙarfi, domin ana so su kai shi gida ne kafin ya kashe su. A ajiye inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida a saman bishiya, waɗanda suka yawaita a kudancin ƙasar nan, hukuncinsu dabam ne: suna kiwon ƙwari masu ɓawo, amma kuma suna cin tsutsotsi da wasu maɓarnata, har manoman mangwaro da kashu na amfana da su. A kan magnoliyar da ta kamu a cire gidajensu, a kan mangwaron da ke lafiya a ƙyale su.

Mataki na biyar: feshin mai

Maganin da ya fi dacewa da wannan ƙwaro shi ne mai, domin ba guba yake ba shi ba, toshe masa kafofin numfashi yake yi ya mutu, kuma da zarar ya bushe ba ya cutar da ƙwari masu amfani da za su zo daga baya. A shagunan kayan noma ana samun farin man feshi na itatuwa. Ma'auninsa a kan bishiya mai ganye shi ne kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, wato mililita 10 zuwa 20 a kowace lita ta ruwa. A zafin Legas gara a tsaya a ƙaramin ma'aunin, wato mililita 160 a famfon goyo mai cin lita 16. In takardar da ke jikin kwalbar ta faɗi wani ma'auni dabam, ita za a bi.

Wanda bai samu ba zai iya haɗa nasa. A zuba kofi huɗu na man girki, irin na waken soya ko na gyaɗa da aka tace, da kofi ɗaya na sabulun ruwa mara ƙarfi, a kwalba, a girgiza har ya yi fari. Daga wannan haɗi ake ɗiban babban cokali ɗaya, wato mililita 15, a zuba a lita ɗaya ta ruwa. Man darbejiya ma yana aiki, cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya tare da ɗan sabulu don ya haɗu da ruwan, kuma yana da ƙarin fa'idar hana 'ya'yan ƙwarin girma. Wanda ke da wani mutum mai zuwa daga gida Arewa zai iya sa a kawo masa busassun 'ya'yan darbejiya, ya ɓare, ya daka ƙwayar kimanin giram 50, ya jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ta kwana, ya tace da ƙyalle ya fesa a ranar. Baƙin man mota da kananzir da man dizal da garin sabulun wanki mai bilic ba su da wuri a wannan aiki, suna ƙona ganye, suna kuma lalata ƙasa.

Yadda ake fesawa ya fi abin da ake fesawa muhimmanci. A shayar da bishiyar sosai kwana ɗaya kafin aikin, domin wadda ke jin ƙishirwa ita mai ya fi ƙonawa. A gwada a reshe ɗaya tukuna, a jira kwana biyu, in ganyen bai yi tabo ba sannan a yi wa sauran. A zaɓi sassafe kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar sakaliya, kada a yi feshi idan zafi ya haura digiri 30 zuwa 32, wanda a watannin Fabrairu da Maris kusan kullum haka tsakar rana take. Kada a yi idan hadari ya haɗo, ana bukatar aƙalla yini guda ba ruwa. A riƙa girgiza famfon a kai a kai don kada man ya taso sama ya fita da kauri a ƙarshe. A fara daga cikin bishiyar zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, bakin famfon yana kallon bayan ganye, har sai kowane reshe ya jiƙe ya soma ɗiga. Ƙwaron da mai bai taɓa ba ba zai mutu ba. A kauce wa buɗaɗɗen fure, kuma in an yi amfani da maganin da ke da farar wuta a ciki, a bar wata guda tsakaninsa da mai.

Feshi ɗaya ba ya isa a nan, saboda ƙwan da ke ƙarƙashin ɓawo zai ƙyanƙyashe daga baya. A maimaita bayan kwana 10 zuwa 14, sau uku a jere, sannan a koma ga gwajin farce da na tef. Tsakanin Afrilu da Yuli, lokacin da ruwa ya fi yawa, samun busasshen yini yana da wuya, sai a yi amfani da ɗan tsagaitawar da ruwa kan yi a watan Agusta. Daga Nuwamba zuwa Janairu kuwa aikin ya fi sauƙi, amma a wanke ƙurar hunturu daga ganye kafin a fesa.

Mataki na shida: maganin da ke bin jikin bishiya

Idan bishiyar ta yi tsayin da famfo ba zai kai ba, ko an yi zagaye uku na mai yadda ya kamata amma har yanzu mafi yawan ƙwarin suna da rai, ana iya komawa ga maganin da ake zubawa a gindi, saiwa ta sha, ya hau zuwa ganye. Wanda aka fi samu a kasuwa shi ne mai sinadarin imidakulofirid. Yana aiki a kan masu taushin ɓawo, amma a kan masu taurin ɓawo ba ya taɓuka abin kirki, shi ya sa aka fara da bambance su. Ana share busasshen ganye daga gindin, a narkar da ma'aunin da takardar ta faɗa, a zuba a ƙasa mai danshi kewaye da gangar, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya kai saman babbar bishiya.

Ba na son a yi gaggawar zuwa wannan mataki, kuma dalilan suna da nauyi. Sinadarin yana shiga har cikin fure, yana cutar da ƙudan zuma da sauran ƙwarin da ke ziyartarsa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a fili a 2018. Saboda haka ba a zuba shi sai bayan fure ya kaɗe, campaka kuwa a ƙasa mai zafi takan daɗe tana fure, lokacin da ya dace kaɗan ne. Sannan a wurare kamar Lekki da Ajah ƙasar rairayi ce, ruwa yana kusa, abin da aka zuba a gindin bishiya ba shi da nisa da rijiya ko magudanar da ke gangarawa ƙorama. In akwai rijiya ko tankin kiwon tarwaɗa ko fangalin alayyafo da tumatir kusa, a haƙura da shi. Ko da za a yi, sau ɗaya a shekara ya isa, a sayi mai lambar rajistar NAFDAC, a sa safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, a yi wanka bayan an gama.

Maganin da ya kamata a guje wa gaba ɗaya shi ne mai kashe komai, irin su sifametirin da ake fesa wa wake, da daikulobos da aka fi sani da Sniper, wanda NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Suna zamewa a kan ɓawon manyan ƙwarin, amma suna hallaka maƙiyansu, sai bayan wata biyu cutar ta dawo fiye da da.

Dalilin da ya sa ake kiyaye maƙiyan nan yana cikin tarihin noman ƙasarmu. A shekarun 1970 wani ƙwaro mai farin gari daga Kudancin Amurka ya shigo Afirka ya dinga cinye rogo. Abin da ya shawo kansa shi ne wani ƙanƙanin zanzaro da aka samo daga Faraguwai, wanda cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fara saki a 1981, aikin da ya sa masanin ƙwarin da ya jagorance shi, Hans Herren, ya sami babbar lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995. A farkon shekarun 1980 wani ɗan'uwan ƙwaron rogon ya faɗa wa mangwaro da lemo a Togo da Gana, daga baya ya shiga Jamhuriyar Binin har ya iso nan, shi ma da zanzaron da aka kawo daga Indiya aka karya ƙarfinsa. Irin waɗannan ƙananan zanzaro, da ƙwaron nan mai zagayayyen baya da ɗige-ɗige wanda shi da tsutsarsa ke cin masu ɓawo, suna nan a lambunan Legas suna aiki kyauta. In an duba aka ga yawancin ɓawon suna da rami, a dakatar da feshi, a tsare tururuwa kawai.

Baƙin da ke kan ganye kuwa ba ya bukatar maganin fumfuna, domin a saman darɓa yake zaune, bai shiga jikin ganyen ba. Illarsa ita ce tare hasken rana. In darɓa ta tsaya zai bushe ya ɓare da kansa, feshin mai yana sassauta shi, ruwan tiyo bayan kwana biyu ya ƙarasa.

Rigakafi

Mafi yawan cutar da dashe take shigowa gida. Duk wanda zai sayi magnoliya ko wani fure wurin masu sayarwa a bakin titi, ya juya ganyen ya duba, ya dubi ƙananan rassa da bakin tukunyar ko akwai tururuwa, in ya ga ƙulli ko baƙi ko danƙo ya bar shi komai arahar sa. Wanda aka saya a ajiye shi gefe guda, nesa da sauran, mako uku zuwa huɗu ana dubawa kafin a dasa.

Wurin dashe ya zama mai samun rana da iska, ba lungun da ke tsakanin katanga da gini ba, ba kuma kusa da hayaƙin janareta ko zafin bayan na'urar sanyaya ɗaki ba. In ƙasar tana riƙe ruwa da damina, a tada kunya a dasa a kai. Kada a rufe gindin da siminti ko bulon daɓe har jikin gangar, a bar fili aƙalla mita ɗaya kowane gefe, a shimfiɗa busasshen ganye ko ɓawon itace mai kaurin yatsu uku, ba tare da ya taɓa gangar ba. Kada a yi noma da fartanya a gindin, saiwar tana sama. Da rani a shayar sosai sau ɗaya ko biyu a mako, ya fi yayyafin kullum, a kuma wanke ganyen lokaci-lokaci, saboda ƙura tana hana ƙananan zanzaro aiki.

Taki ma yana da hannu a ciki. Yawan yuriya yana sa bishiya ta fitar da sabon toho mai taushi da ruwa, wanda shi ne abincin da waɗannan ƙwari suka fi so. Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga ganye ya yi rawaya sai a ƙara taki, alhali ƙwaro ne ya tsotse shi. Ruɓaɓɓen takin gargajiya sau ɗaya a farkon damina ya wadatar, kuma ba a sa wa bishiyar da ke fama da cutar takin zamani sai an shawo kanta.

Mai lambu ya kamata ya yi wa mai gida ko uwargida bayani tun ranar farko, ya ce: "Ranka ya daɗe, wannan aiki zai ɗauki wata biyu zuwa uku, kuma ƙullin da ke jikin reshe ba zai faɗi nan take ba ko da ya mutu." Ya nuna musu gwajin farce da idonsu, domin in ba su gane ba za su matsa a kawo guba mai ƙarfi. Alamar samun sauƙi ita ce daɓe ya daina danƙo, tururuwa su ragu, sabon ganye ya fito da tsabta. Yana da kyau a riƙa rubuta ranar da aka ga 'ya'ya a tef da ranar kowane feshi, a kuma ɗauki hoton reshe guda duk wata, domin bayan shekara ɗaya wannan rubutu zai nuna watannin da ƙwarin suka fi haihuwa a wannan gida, a shirya musu tun kafin lokacin. In kuwa fiye da rabin rassan sun bushe, ɓawon gangar ya soma tsagewa, kuma damina ta zagayo ba ta yi sabon toho ba, a cire bishiyar, a duba itatuwan da ke kewaye a yi musu magani, a gyara magudanar ruwan wurin, sannan a bar ramin wata biyu kafin a dasa wata.